Baffa Iro da Kusurwa ta Huɗu

Kai mai karanta wannan, in akwai tsoho a danginku da ke damunka da labarin da, yana maimaita maka abu ɗaya har ka gaji, ina yi maka kashedi: ajiye abin da ke hannunka ka saurare shi. Ni ban yi haka ba. Abin da ya biyo baya shi zan faɗa, kuma ba don a tausaya mini ba.

Ranar wata Talata da hantsi, ina tankaɗe a tsakar gidana a Daura, waya ta yi ƙara. Matar Baffa Iro ce daga ƙauyenmu da ke ƙasar Baure. Ba ta ja gaisuwa ba. Ta ce, "Hajara, sai haƙuri. Baffanki ya cika ɗazu, bayan fitowar rana." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na daɗe a zaune da rariya a hannu, har kaji suka hau garin ban kore su ba.

Baffa Iro ƙanen mahaifina ne. Manomi ne, bai yi boko ba, karatun allonsa ma bai yi nisa ba. Allah bai bar masa ɗa namiji ba, 'ya'yansa mata biyu kuma suna aure can cikin Nijar. Ban taɓa ganin ya ci tuwo shi kaɗai ba. In babu baƙo, sai ya ɗauki kwanon ya fito ƙofar gida ya jira mai wucewa. Ranar da mahaifina ya rasu bai yi mana wa'azi ba. Ya shiga ya ba tumakin gidan ruwa, don ya lura kowa ya manta da su.

Amma abin da aka fi saninsa da shi ita ce tafiyar da yake yi kowace shekara bayan girbi. Yakan ɗauki sanda da buta da gatari, ya zagaya unguwannin danginmu a ƙafa, ya ƙare a kufai, wato tsohon mazaunin garinmu. Masu babur sun sha tsaya masa, ya ƙi hawa. Yakan ce, "In na hau, gidaje nawa zan wuce ban sha ruwansu ba?"

Sau ɗaya na bi shi, shekara tara da ta wuce, kuma ba da son raina ba. 'Yan'uwana maza duk suna kudu wajen nema, ni kaɗai ce kusa. Ya ce, "Tunda ke kika yi karatu, ke za ki riƙe." Muka fita da sassafe. An jingine kara a gonaki, rumbuna sun cika, mata suna sussuka a bakin hanya. A kowace unguwa akwai gidan da yake tsayawa, ya yi sallama, ya sha ruwa, ya gaya mini yadda muke da su. Ni kuwa hankalina na kan ƙarangiyar da ta cika mini gefen zane.

A unguwa ta uku muka tarar da Baba Audu maƙeri, taubashinsa, a bakin maƙera. Tun daga nesa ya ɗaga murya.

"Iro! Ashe har yanzu kana nan? Na ɗauka bana ƙasa ta huta da ƙafafunka."

"Ina jira ka riga ni, in ga ko za a samu mai yarda ya ɗauki wannan ƙaton cikin."

"Wace ce wannan mai tafiya kamar an ɗaure ta?"

"'Yar Yaya Musa ce. 'Yar birni. Kada ka ba ta fura, sai da cokali take sha."

Baba Audu ya ajiye guduma ya biyo mu, suna ta tsiya da juna har muka hau tudu. Da muka iso kufai suka bar tsiyar.

A nan Baffa ya ba ni tarihin. Ya ce a kan tudun nan garinmu yake tun asali. A zamanin kakansa rijiyar garin ta rufta a wata shekarar fari, aka yi ta haƙa ba a samu ruwa ba, sai mutane suka watse. Wasu suka gangara inda ƙauyenmu yake yanzu, maƙera suka yi yamma, wasu suka bi dabbobinsu arewa. Duk unguwannin da muka ratsa gari ɗaya ne a da. Sun tafi da rumbunansu da ƙofofinsu, amma sun bar matattunsu. Kafin a rabu dattawa suka yi alkawari cewa kowace shekara mutum ɗaya daga gidanmu zai zo ya gyara iyakar maƙabartar, don kada noma ya ci ta. Kabarinmu ba rubutu gare shi ba. In ƙasa ta kwanta, ba abin da zai raba shi da gona sai wanda ya sani.

Na ce, "Baffa, ai mace ba ta shiga maƙabarta."

Ya ce, "Ba shiga na ce ki yi ba. Tsaya nan ki buɗe ido."

Ya nuna mini kusurwa uku: kuka mai kogo, wani babban suri, da kututturen gawo. Ta huɗu ba ta da alama. Sai an tsaya a bakin matacciyar rijiyar, a fuskanci gabas, a ƙirga taku. Ya ƙirga da ƙarfi ina kallo, ya sa na maimaita adadin sau uku. Sannan ya saro ƙaya ya jera daga kusurwa zuwa kusurwa, ya ɗaga hannu ya yi addu'a. Ya ce ƙayar ba ta kai wata shekara, masu neman itace da awaki sukan kwashe ta, shi ya sa sai an dawo. A hanyar komawa ya ce, "Garma ba ta da mugunta, Hajara. Kunya ɗaya take ƙarawa a shekara, mai ita ma bai sani ba."

Daga nan duk shekara sai ya aiko in turo masa Nura, babban ɗana, su tafi tare. Duk shekara ina da amsa. Makaranta, Islamiyya, jarrabawa. Ni mace ce da ba na wasa da tarbiyya, unguwarmu kowa ya shaida. 'Ya'yana ba sa yawo, ba sa fashin aji, ba sa tsallake babba ba su durƙusa ba. Na ɗauka na cika komai. A raina kuma, in faɗi gaskiya, ina ganin yawon kufai ɓata lokaci ne ga yaron da nake so ya je jami'a. Shekara biyu na ƙarshe Baffa yana kwance, ƙafafunsa sun ƙi. Da na je duba shi ya riƙe hannuna ya ce, "Kin dai riƙe lissafin nan?" Na ce na riƙe. Ƙarya na yi wa mara lafiya don in kwantar masa da hankali, Allah ya yafe mini.

Kwana bakwai da rasuwarsa, muna zaune a ƙauye, aka ce wani na sallama da ni a zaure. Malam Sale ne, wanda gonarsa ke jikin kufai. Ya yi ta'aziyya, ya daɗe yana murza hularsa, sannan ya ce, "Hajiya, damina ta kusa. Marigayi ya taɓa ce mini ke ya damƙa wa iyakar. Ki zo ki nuna mini. Bara garmata ta tono abin da na san ba na dabba ba ne. Na mayar na rufe, ban faɗa wa kowa ba, don Malam Iro na kwance. Tun ranar ba na jin daɗin hatsin gonar nan."

Washegari muka tafi, ni da Nura da Malam Sale. Baba Audu ya tsufa, ido ya yi rauni, sai a amalanke aka kawo shi. Ƙaya babu ko ɗaya. Kuka na nan, suri na nan, kututturen gawo ma Baba Audu ya gano shi da sandarsa. Muka zo bakin rijiyar, duk suka juyo suna kallona.

Na san akwai bakwai a cikin adadin. Talatin da bakwai ne, ko arba'in da bakwai, ko saba'in da wani abu, ban sani ba. Na fuskanci gabas na rufe ido, ina jin muryarsa yana ƙirgawa, amma ban ji inda ya tsaya ba.

Na ce, "Baba, kai fa? Shekara nawa kana binsa?"

Ya ce, "Ni rakiya nake yi masa, 'yata, don in samu wanda zan zaga. Shi ne mai ƙirga." Sai ya share ido da bakin rigarsa. "Ya riga ni kuma, ɗan banza."

Nura ya ce a kawo bulo da siminti a kewaye wurin a huta. Na ce masa a kewaye daga ina zuwa ina? A ƙarshe Malam Sale ya taka har saba'in da bakwai ya kafa turke. Ya bar wani yanki mai kyau na gonarsa, alhali yana da iyali da yawa. Wataƙila ya bar abin da halalinsa ne, wataƙila kuma har yanzu akwai wani kakanmu a wajen turken. Ba wanda zai ƙara sani. Sakacina ne ya jawo wa bawan Allah wannan hasara, kuma bai ce mini komai ba, wanda ya fi mini zafi.

Ya Allah ka jiƙan Baffa Iro, ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa makwancinsa kamar yadda ya tsare makwancin wasu. Ka sa kowane taku da ya yi a hanyar zumunci ya zama nauyi a mizaninsa. Ka ba matarsa da 'ya'yansa haƙurin rashinsa, ka saka wa Malam Sale da abin da ya fi wanda ya bari. Mu kuma ka sa mu cika da imani.

Na tara 'ya'yana biyar gaban mahaifinsu na faɗa musu, kuma ya amince. Daga bana, da an gama girbi, duk wanda aka haifa a gidan nan, namiji ko mace, zai bi unguwannin nan a ƙafa, ya yi sallama a kowane gida, ya sha ruwansu. Maza su sari ƙaya su jera, mata su tsaya daga waje su ƙirga takun daga rijiya zuwa turken. Wanda ya ce yana da jarrabawa, ya tafi da littafinsa a hammata.