Kwanon da Fusae Ta Ɗaga

Fusae ba ta taɓa riƙe bindiga ba, ba ta taɓa cin ƙasar kowa ba. 'Yar mahaƙin kwal ce a tsibirin Kyushu na Japan, kuma tun tana shekara goma sha huɗu take tsaye a bakin rami tana tsince duwatsu daga cikin kwal. Amma da ƙasashe biyu suka tashi rabon laifi, sai da aka ware mata nata kason, har da gyara.

A ramin nan akwai 'yan Koriya da aka kwaso daga ƙauyukansu lokacin da Japan ke mulkin ƙasarsu. Yayanta Tokuji ne mai tsaronsu, kullum da sandar gora a hannu. Fusae ta sha ganinsa ya durƙusar da mutum a kan tsakuwar kwal yana lafta masa gora har ta tsage, ya jefar ya ɗauko wata. Ranar da ya ji ƙanwarsa tana kai wa wani lebura mai suna Deok-chil dunƙulen shinkafa a ɓoye, a gadon bayanta gorar ta tsage. Ubansu ya tsaya yana kallo har aka gama, sannan ya je ya sa aka goge sunanta daga rajistar gidan.

Da Japan ta sha kaye a 1945, Fusae ta bi Deok-chil cikin jirgin ruwa zuwa ƙauyensu kusa da garin Jinju a Koriya, da cikin wata biyar.

Uwar Deok-chil tsohuwa ce mai zafin hannu, kuma tana da dalilinta. 'Yan sandan Japan sun kama ɗanta na fari, suka dawo mata da gawarsa babu farce ko ɗaya. Ta kalli surukar da aka kawo mata, ta kalli cikin, ta tofar da yawu.

"Don abin da ke cikin nan na bar ki, ba don ke ba," in ji ta. "Daga yau ke 'yar tsibirin Jeju ce. Su ma ba mai gane maganarsu, ba wanda zai yi mamakin harshenki. Rufe baki, kama aiki."

Da aka kawo abinci, Fusae ta sa hannun hagu ta ɗaga kwanon shinkafa zuwa bakinta yadda uwarta ta koya mata, don a Japan duk wanda ya bar kwano a kan teburi ya sunkuya masa, cin kare ya yi. Sai jin mari ta yi, tas!

"Mabaraciya ce ke? Mai bara ne ke ɗaga kwano! Ajiye shi, ga cokali. Wannan hannun kuwa, zauna a kansa. Ranar da kika ɗaga kwano a gaban mutanen garin nan, ni da ke da ɗan cikinki an gama da mu."

Shekara goma sha ɗaya Fusae tana zama a kan hannunta na hagu in za ta ci abinci. Ta haifi 'ya mace, Mal-sun. Yaƙin Koriya ta Kudu da ta Arewa ya ɗauke Deok-chil a 1950, ko takalminsa bai dawo ba. Ta zauna da tsohuwa, tana dashen shinkafa, tana cusa kabeji da barkono a tuluna, tana shan zagi safe da yamma. A bakin rafi matan gari kan tsokane ta.

"'Yar Jeju, yau ma bakin yana gida? Ke dai mijinki ya huta da surutu!"

Sai a kwashe da dariya, daga nan hira ta koma inda ta saba komawa. Wannan an tafi da mijinta, waccan an tafi da ƙanwarta tana shekara goma sha shida, har yau shiru.

"Wallahi da zan kama ɗaya daga cikin 'yan Japan ɗin nan, ɗanyar hantarsa zan ci," in ji wata.

Fusae takan gyaɗa kai ta ci gaba da bugun wanki. Ba ƙarya suke yi ba, da idonta ta gani, abin da ya fi ci mata rai ke nan.

Sai tsohuwa ta cika shekara sittin, aka shirya mata babban biki. Aka fito da kwanonin tagulla goma sha biyu, waɗanda ta binne a bayan gida lokacin da sojojin Japan ke bin gida gida suna kwashe tagulla don yin harsashi. Kwana uku Fusae tana tsaye a kan murhu. Da la'asar ɗin ranar bikin ta samu ta zauna a ƙarshen baranda, ƙafafunta sun kumbura, wata ta miƙo mata miyar ganyen teku. Ƙamshin ya buge ta, irin na miyar uwarta sak. Ta manta ba ta zauna a kan hannun ba. Hannun ya tafi da kansa, ya ɗaga kwanon, ta kafa baki a gefensa tana kurɓa, tana tura ganyen da tsinkayen cin abinci.

Cikin baƙi akwai Gap-su, wanda ya yi shekara uku a ramin kwal na Hokkaido a Japan. Ido ɗaya ya dawo da shi, ƙanensa kuwa yana can ƙarƙashin ƙasa. Ya ajiye cokalinsa a hankali. Sai ya daka tsawa da harshen Japan, irin wadda ake daka wa lebura da safe a bakin rami. Kafin Fusae ta san abin da take yi, ta miƙe tsaye ƙiƙam.

"'Yar Jeju, ko?" in ji Gap-su. "'Yar Jeju ta uban wa! Shekara uku ina leƙen masu tsaronmu ta taga suna kurɓar miya haka, ni ina cin dusa!"

Ya damƙi gashinta ya jawo ta daga baranda, kanta ya bugu da ƙasa. Ya shure ta a ciki, ya shure ta a baki, haƙori biyu suka faɗo. Matan da suka shekara goma suna wanki tare da ita, wata ta jefe ta da takalmi, wata ta watsa mata sauran miyar. Mal-sun tana ihu, ba mai jin ta. Gap-su ya ja hannun hagun ya shimfiɗa a kan dutsen bakin baranda, ya take wuyan hannun da ƙafa, ya ɗauki kwanon tagullar.

"Wannan na ƙanena!" Ya sauke shi a kan yatsun. "Wannan na idona!" Ƙashi ya yi ƙara. "Wannan kuwa ki kai wa 'yan'uwanki!"

Bai kai ga na huɗu ba. Tsohuwa, cikin kayan bikinta, ta zo ta bayansa da taɓarya ta sauke masa a kafaɗa, ya zube yana gurnani.

"Kai ne za ka koya mini ƙin su, ɗan banza?" in ji ta, tana haki. "Ni na wanke gawar ɗana babu farce! Amma wannan tawa ce. In akwai mai dukanta a garin nan, ni ce. Ku fice mini daga gida!"

Ba a kore su daga garin ba, amma ba wanda ya ƙara cin abincin gidan. Yatsun suka warke a murɗe kamar ɗanyar citta, ko allura ba sa riƙewa. Mal-sun ta sha jifa a hanyar makaranta, ta yi shekara guda ba ta ce wa uwarta uffan ba. Tsohuwa ta mutu a cinyar Fusae tana mitar an cika gishiri a kunu, ta bar mata cokalinta na tagulla.

A 1983 wasu mutanen coci masu neman dangin matan Japan irinta da suka maƙale a Koriya suka kai Fusae ziyara Japan. Ta tarar da Tokuji ya tsufa tsaf, gida fes, jikoki kewaye da shi. Tun kafin a kawo abinci ya fara.

"Mutanenki ba sa gajiya da kuka ne? An shimfiɗa musu titin jirgin ƙasa, an gina musu makarantu, har yau ƙorafi suke. Abin da ya wuce ai ya wuce."

Aka jera kwanoni. Fusae ta zaro cokalin tsohuwa daga jakarta, ta bar kwanon a kan teburi, ta sunkuya. Jikokin suka fara ƙunshe dariya.

"Fusae!" in ji Tokuji. "Ɗaga kwanon nan. Haka suka mayar da ke, kina ci kamar kare a gaban yara?"

Ta zaro hannun hagun daga cikin hannun rigarta, ta aza shi a kan teburi dab da kwanonsa. Dariyar yaran ta ɗauke.

"Saƙo ne, Yaya," in ji ta. "Wani mai ido ɗaya ya ce in kawo maka. Shekara ashirin da bakwai ina riƙe da shi."

Ta bar hannun a nan, ta ci gaba da cin shinkafarta da cokali har ta share kwanon. Tokuji ya sauke nasa kwanon a kan teburi, bai ƙara ɗaga shi ba har aka kwashe abincin.