Hoton Kabarin Bakin Tabki

Ana idar da sallar asuba muka bar Maraɗi, ni da wata abokiyar aikina ta gidan tarihi, cikin wata tsohuwar mota da sai an ɗaure ƙofarta da igiya. Ba yawo ya kai mu Madarumfa ba. Shafin da na rubuta kan kaburburan waliyyan bakin tabki, a kundin nan na intanet da kowa ke sa hannu, shi aka ce za a goge. Wai abin da na ji daga bakin tsofaffi ba madogara ba ne, sai in an buga shi a littafi. Na fito neman hujjar da za ta hana a goge shi, don na sha wuya kafin in haɗa shi.

Hanyar ba nisa, amma direba ya cika mana kunne da labarin 'yan bindigar bakin iyaka. Gero ya yi tsawo, kowane mai babur ya ɓullo sai na bi shi da ido. Kifin da aka soya mana a bakin ruwa ma na kasa ci, abokiyata ta share nata ta haɗa da nawa.

Tsohon da ke kula da kaburburan ya gane ni. Ban gama gaisuwa ba ya ja mu cikin itatuwa, wajen wani kabari da na ɗauki hotonsa bara, na sa a shafin har da kwatancen wurin. An haƙe gefensa, rami ya kai ƙugu.

"Baƙi sunka zo da hoton cikin waya, wai akwai dukiya ƙasa," in ji shi. "Ɗiyata, don girman Allah ki hidda shi."

Na ce to. Ban iya faɗa masa cewa duk hoton da ya shiga kundin ya zama na kowa ba. A motar komowa, da rezo, wato sabis ɗin waya, ya kama, na cire shi. Kafin mu shigo Maraɗi wani mai gyara da ban san ko a wace ƙasa yake ba ya mayar da shi, ya rubuta mini cikin ladabi cewa ba a cire abu mai amfani sai da hujja rubutacciya.

Na fita gida ina tsoron a goge shafin, na dawo ina roƙon Allah ya sa a goge. Na koyi tambayar masu wuri kafin in nuna wa duniya wurinsu. Hoton dai yana nan har yau, tsohon kuma yana can yana cike rami, yana zaton na cire hoton.