Lamunin Wasila Ya Ƙare Kafin Karatu

Wasila Halliru 'yar Gusau ce. Mahaifinta tela ne, shanyewar ɓarin jiki ta raba shi da keken ɗinki tana aji biyar a sakandare. Wata huɗu aka yi ana jigilarsa kafin a samu mai gasa masa hannu, lokacin yatsun sun riga sun ƙage. Shi ya sa da ta samu gurbin karatu a Dubai a 2016, gashin ƙashi ta zaɓa.

Da lamunin gwamnati ta zo. Shekara uku kuɗin suna shigowa, ko da a makare. Ita da 'yan mata uku suke ɗaki ɗaya a unguwar Al Warsan, bas biyu take shiga kafin ta isa makaranta.

A Satumbar 2019, ana shirin tura su asibiti aikin koyo na shekarar ƙarshe, saƙo ya shigo wayarta. Hukumar lamunin ta ce akwai iyakar abin da ake ba ɗalibi. Babbar iyakar ta masu karatun likita ce, masu gashin ƙashi suna ƙaramin rukuni, kuma ita ta riga ta kai iyakarta. Washegari ofishin kuɗi na makaranta ya ba ta mako biyu. In ba ta biya ba za a cire sunanta, ga shi bizarta a hannun makarantar take.

Sau goma sha ɗaya ta kira hukumar. Wanda ya ɗauka a ƙarshe ya ce, "Haka tsarin yake, 'yar'uwa. Ku ai ba likitoci ba ne."

Ba ta gaya wa Ummanta ba. A rana ta shida ta tafi unguwar Naif wurin Alhaji Ɗalhatu, abokin kawunta, mai tura wa 'yan kasuwa kaya Kano.

"Allah ne ya kawo ki," in ji shi. "Mahaifiyata tana otal nan baya, hannu da ƙafa sun shanye. Asibiti kowane zama dirhami ɗari huɗu. Ki riƙa zuwa kina yi mata gashin, ni kuma in biya makaranta, khalas, shi ke nan."

"Alhaji, ba ni da lasisi. In aka ji, korata za a yi daga ƙasar."

"Wa zai ji? Mu ya mu ne."

Ta bi shi ta gaida mahaifiyar tasa, Hajiya A'i. Tana ganin kafaɗar da ta zame ta san abin da ya kamata a yi, ta kuma san in ta ja ba daidai ba, tsohuwar ce za ta kwana a ciki. Saura kwana takwas. Ta gyara mata filo, ta miƙe.

"Ba zan iya ba, Alhaji. Amma zan riƙa raka ta asibiti ina yi mata tafinta."

Ransa ya ɓaci, bai ɓoye ba. Duk da haka ya ba ta dirhami dubu biyu, abin da ko kashi ɗaya cikin goma na kuɗin makarantar bai kai ba.

Ana saura kwana ɗaya ta tsare shugabar sashensu a bakin ofis. Matar ta ce yafe kuɗi ba a hannunta yake ba, amma in Wasila ta yi rajistar darasi ɗaya tak, sunanta zai zauna, bizar ma haka. Ta sayar da 'yan kunnenta ta cike, ta biya ana gab da rufe ofis.

'Yan ajinsu suka tafi asibiti suka bar ta. Makaranta ta sama mata izinin aiki, ta zauna teburin karɓar baƙi a wani ƙaramin asibiti, tana biyan darussan ɗaya bayan ɗaya. Korona ta zo ta ƙara cinye mata watanni. Sai a ƙarshen 2021 ta gama.

Yanzu tana aiki kusa da Jebel Ali. Yawancin majinyatanta direbobi ne da masu dakon kaya a ɗakunan ajiya, masu fama da ciwon baya. Duk wata ana cire kuɗin lamunin a albashinta, kuma da sauran shekaru kafin ta gama biya.