Kifin Tsohuwa a Ledar Shara

Allah nake roƙo Ya yafe mini gaggawar harshe, domin abin da zan ambata kuskure ne na wanda ya sani.

A shekarun da na zauna a unguwar Abbasiya ta birnin Alƙahira ina ƙarasa wani bincike da furfura ta riske ni ban kammala ba, ɗalibai 'yan ƙasarmu sukan taru a ɗakina bayan la'asar da tambayoyinsu. An san ni da sauƙaƙawa. Wanda ya zo yana fargabar abincin da maƙwabcinsa Kirista ya aiko masa, sai in ce masa asalin abubuwa tsarki ne, ya ci ya gode wa Allah, khalas, shi ke nan.

Autata, wadda ta ci sunan mahaifiyata har nake kiranta Uwata, tana karatun harhaɗa magunguna a nan Alƙahira, sai aka tura ta wani ƙaramin birni a Japan na shekara guda, cikin musayar ɗalibai. An sauke ta a saman wani bene, mai gidan kuwa tsohuwa ce da mijinta ya rasu, tana zaune a ƙasa. Idan na idar da azahar, su can magariba ta wuce, sai ta kira ni. Takan ba ni labarin keken da take hawa zuwa makaranta, da jirgin ƙasan da ba ya makara, da lungun da ta samu bayan ɗakin karatu inda take sallah.

Ana nan sai tsohuwar ta fara ajiye mata ƙaramin akwatin abinci a bakin ƙofa kowace safiya, naɗe cikin ƙyalle: shinkafa, gasasshen kifi, da ɗan ganye.

Ta ce, "Baba, in ci?"

Na ce, "Me take zubawa a ciki?"

"Ban sani ba. An ce wasu suna sa wata giyar shinkafa a girki, amma ba kowa ba."

"To Uwata, abin da kike shakka a kansa, ki bar shi."

"In mayar mata ke nan? Ba zan iya kallon idonta ba."

"Ki karɓa, ki yi godiya, kada ki ci."

Amsar gaskiya ita ce ta nemi mai jin harshen ya tambayi tsohuwar, kuma na san haka tun ina magana. Sai dai a lokacin ana ta tsegumi cewa Malam ya tura 'yarsa ƙasar da ba a jin kiran sallah. Tsoron bakin mutane ne ya sa na ƙuntata wa tawa abin da nake yalwata wa 'ya'yan wasu, na kuma kira shi tsantseni.

Ta bi maganata. Kullum ta juye abincin a shara, ta wanke akwatin, ta mayar da shi tare da godiya, ita kuma tana rayuwa a kan burodi da dafaffen ƙwai. Abin da ban sani ba shi ne shara a can tana da ƙa'ida. Kowane iri da ranarsa, a cikin leda mai nuna abin da ke ciki, kuma maƙwabta suna karɓa-karɓa wajen duba ledojin a bakin titi. Wani mako ya faɗo kan tsohuwar. Ta ga kifinta guda-guda, ko gutsura ba a yi ba.

Washegari dai babu akwati a bakin ƙofa. Sai daga baya wata abokiyar karatun 'yata ta jiyo cewa tun kafin 'yar tawa ta iso, tsohuwar ta je makarantar ta tambayi abin da Musulmi ba sa ci, ta rubuta ta manna a kicin, ta daina sa giyar nan ko a nata girkin.

Da 'yata ta kira ni, muryarta a dushe take. "Baba, har sabuwar tukunya ta saya saboda ni."

Sai na kama jero mata hukunci, cewa abincin teku halal ne, kuma ba a gina haramci a kan zato.

Ta ce, "Na sani, Baba. Na sha jin kana faɗa wa ɗalibanka ina dafa muku shayi."

Sai na ce ta sauka ta gaya wa tsohuwar cewa umarnina ne.

"Na riga na je. Na ce mata ni ce ba na son kifi, kunya ta hana ni faɗa."

Wato bayan almubazzarancin da na sa ta, na kuma jawo mata ƙarya don ta rufa mini asiri. Tsohuwar ta karɓi uzurin, ta koma aiko mata da lemo da tuffa waɗanda ba a fere ba. Har shekarar ta ƙare ba ta sake yi mata girki ba.

Kafin 'yata ta baro ƙasar na rubuta wasiƙar neman afuwa, na tura mata don a fassara wa tsohuwar. Ta ƙi.

Ta ce, "Ma'alish, Baba, yi haƙuri, ka bar ta tana ganin yarinya ce mai tsirfa. Yarinya ana yafe mata. Idan ta ji malami ne ya hana, addinin za ta zarga."

Na duba maganar ta kowace fuska da na iya, ban sami inda zan ce ta yi kuskure ba.