Akawun ɗin da na sayar ba da sanin mai shi ba

Shekarun baya, lokacin ina ji da kaina a harkar wasan waya, ni ne ɗan tsakiya a wani gurup na 'yan wasa da ya haɗa samarin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Ga wanda bai san aikin ba, idan wani zai sayar da akawun ɗinsa na wasa, mai saye ba ya tura masa kuɗi kai tsaye. Ni ake tura wa. Mai sayarwa ya ba ni akawun, in shiga in duba komai, in sauya lambobin sirri, in miƙa wa mai saye, sannan in saki kuɗin, a cire mini ɗan la'adata. Ina da shagon gyaran waya da caji kusa da tasha a Ƙanƙara, kowa ya san inda zai same ni, shi ya sa aka yarda da ni. Har suna na saka wa kaina a gurup wai "Amintacce". Yanzu in na tuna sai kunya ta kama ni.

Wasan na harbe-harbe ne. Abin da ke sa akawun tsada kuwa shi ne kayan da aka tara a ciki: riguna, huluna, fentin bindiga, irin waɗanda kamfanin ke fitarwa sau ɗaya su wuce. Ba sa ƙara maka iya wasa ko kaɗan. Gayu ne kawai, amma mutane na kashe kuɗi a kansu kamar ba gobe.

Wata rana da damina wani mutum daga Sabuwa ya kira ni, ya ce an ba shi lambata, yana da akawun na sayarwa kuma sauri yake. Muryarsa ta manya ce, ba irin ta samarin da na saba ji ba. Ya turo mini imel da lambar sirri, na shiga. Wallahi sai da na gyara zama. Akwai wata baƙar riga mai ratsin zinariya da na yi shekara biyu ina mafarkinta, ga ta nan, ga wasu irinta sun fi goma.

Na ce, "Malam, wannan rigar a wane zangon wasan ka same ta?"

Ya ce, "An jima dai."

Duk wanda ya sha wahalar samun rigar nan ba zai ce "an jima dai" ba. Sai ya cika ka da labari har ka gaji. Na lura da haka, na share.

Sai na zo kan lambar wayar da aka ɗaure akawun ɗin da ita. Ƙa'idar da ni da bakina nake koya wa mutane ita ce, ba a gama ciniki sai an cire tsohuwar lamba, don duk mai riƙe da layin zai iya dawo da akawun ko bayan shekara ne. Cire ta kuma sai an tura wasu lambobi zuwa layin, mai shi ya karanto. Na ce ya karanto mini.

Ya ce, "Layin nan ya ɓace tare da wayar. Ba shi aiki."

Nan ya kamata in ce a bar cinikin. Amma na riga na ga la'adar da zan samu, kuma ina da mai saye a hannu, wani mai shagon kayan gini a Sheme da ya daɗe yana damuna in samo masa babban akawun. Na ce wa kaina, layin da ya ɓace me zai yi? Na sauya imel, na sauya lambar sirri, na bar lambar wayar yadda take. Mai kayan gini ya biya, na miƙa masa, na saki kuɗi. Ban gaya masa akwai saura ba.

Aka yi kusan wata uku lafiya. Ran nan da hantsi ina cikin sauya wa wata waya gilashi, sai ga kiran mutumin Sheme. Ko gaisuwa babu.

"An fitar da ni daga akawun ɗina. Kai da wa kuka haɗa baki?"

Na gwada shiga, ya ƙi. An sauya komai. Na kira na Sabuwa, wayar na shiga ba a ɗauka. Kafin azahar mutumin Sheme ya cika gurup da saƙonnin murya, yana cewa ni ɓarawo ne mai shago, kuma zai zo da 'yan sanda. Waɗanda na yi wa ciniki goma lafiya lau suka fara cewa dama su sun daɗe suna zargi. Wani har ya zo ya karɓi wayarsa da ya kawo gyara, ban ko buɗe ta ba. Kuma babu inda za a kai ƙara, don kamfanin wasan ma bai yarda a sayar da akawun ba. In ka rubuta musu, rufe shi za su yi gaba ɗaya.

Cikin kwana biyu maganar ta kai kunnen mahaifina. Bayan la'asar ya kira ni ƙofar gida, ya ce in yi masa bayani. Na yi iya ƙoƙarina.

Ya ce, "Tsaya. Riga ce ka sayar?"

"Eh, Baba, amma ta cikin waya."

"Ana sa ta?"

"Mutumin cikin wasan ke sa ta."

Sai ya ce, "Ni ban gane wannan sana'a ba, kuma ba ni son in gane. Amma an ba ka amana ta lalace a hannunka. Ka bar zaman kiran waya. Ka tashi ka tafi ka ga mutumin ido da ido."

A lokacin hanya ba ta da daɗi saboda 'yan bindiga, kowa ya sani. Mahaifiyata ba ta so ba, amma addu'a kawai ta yi mini. Washegari na shiga mota ta Sheme, muka bi Mairuwa, na sauka Funtuwa na sake wata zuwa Sabuwa. Duk hanyar ina shirya maganar da zan faɗa. Na tsara ta tsaf, har da inda zan ɗaga murya. Wani ɗan gurup ɗinmu a can ya gane sunan da ke kan asusun bankin da na tura kuɗin, ya raka ni har ƙofar gidan ya juya.

Mutumin ya fito. Magidanci ne, zai girme ni da shekara goma sha, ƙafarsa duk taɓon gona. Da na faɗi ko ni wane ne bai razana ba, bai kuma musa ba. Ya kawo mini ruwa, ya ce, "Na san za ka zo. Kafin ka ce komai, shigo ka ga wani abu."

A tsakar gida, ƙarƙashin bishiyar darbejiya, wani saurayi na zaune kan tabarma ya jingina da bango. Sa'ana ne ko ya ɗan fi ni, amma ya rame har wuyan rigarsa na zamewa. A idon sawunsa duka biyu akwai tabo zagaye, bai gama warkewa ba. Waya ce a hannunsa, na hango baƙar rigar nan mai ratsin zinariya a jikin gilashin.

Magidancin ya ce, "Ƙanena ne. Wannan baƙo ne daga Ƙanƙara, shi ma shina wasan nan naku."

Saurayin ya ɗago. Fuskarsa ta ɗan saki. Ya ce, "Kana yi? Zo ka gani. Ka san ina daji wani ya sace mini akawun? Har suna ya sauya. Ina fitowa na je aka sabunta mini layina, na ƙwato abina." Ya yi 'yar dariya. "Komai sun karɓe, amma wannan dai na dawo da shi."

Na kalli yayan. Ya girgiza mini kai kaɗan, yadda ƙanen ba zai gani ba. Maganar da na tsara tun daga Ƙanƙara ta bi iska. Na tsugunna na ce, "Kai, akawun ɗin nan ya haɗu." Ya yi ta nuna mini kayan ɗaya bayan ɗaya, yana gaya mini yadda ya sami kowanne. Na lura ya kashe sautin wayar gaba ɗaya.

Da muka fito zaure yayan ya ba ni labari. Ƙanen tela ne. 'Yan bindiga suka tare shi a hanyar dawowa daga gona, aka tafi da shi da wayarsa. Masu dajin suka faɗi kuɗin fansar da suke so. Aka sayar da masarar da ke rumbu, aka sayar da shanun huɗa, aka sayar da keken ɗinkin. Bai kai ba. Sai wani abokin ƙanen ya ce ai wasan da yake yi ma kuɗi ne. Suka duba littafin da yake rubuta awon mutane, suka tarar da imel da lambar sirri a bangon baya.

"Na yi maka ƙarya da na ce nawa ne," in ji shi. "Na ji tsoro in na faɗi gaskiya za ka ce sai mai shi. Mai shi kuwa shina ɗaure." Ya share fuska da hannun riga. "Tun da ya dawo ba shi magana da kowa. Ba shi iya zama cikin mutane. Wasan ma ba shi shiga inda ake harbi, ƙarar ce ba shi so. Sai dai ya yi ta sauya wa mutumin cikin wasan kaya, shina hira da abokansa na ciki. Maganar da ya yi maka yanzu ta fi wadda ya yi mini a sati. In ka ce a karɓe, ba ni da bakin hana ka. Amma ka bari ni in gaya masa."

Na ce kada ya gaya masa komai. Ba don ni mutumin kirki ba ne na faɗa. Na gaji ne kawai, kuma ban ga yadda zan koma cikin gidan in karɓi wayar daga hannun nan ba.

A hanyar dawowa na sauka Sheme. Na sami mai kayan gini yana sauke buhunan siminti. Ya sallami masu saye, ya zauna kan benci, na gaya masa komai, har da lambar da na bari ban cire ba. Ban rage ba.

Da na gama ya ce, "Allah ya ƙara masa lafiya. Mu ma an taɓa ɗaukar mana mutum, na san abin. Ba zan bi ta kansa ba." Ya juyo ya kalle ni. "Amma ni ba da su na yi ciniki ba. Da kai na yi. Ka ga matsala ka rufe ido, ka karɓi la'ada."

Gaskiya ya faɗa. Na ciro wayata na buɗe nawa akawun ɗin, wanda na yi shekara huɗu ina tarawa. Bai kai wancan ba, amma ba shi da nisa. Na ce ya duba, in ya yi masa ya ɗauka. Ya duba a tsanake, ya ce ya yi. Nan kan bencin na cire imel ɗina na sa nasa, na cire lambata na sa tasa, aka turo lambobi na karanto masa, na fita daga wayata a gabansa, na sa ya shiga da tasa sau biyu. Bai kai rabin awa ba.

Ya ce, "Ashe ka iya."

Da yamma ya rubuta layi ɗaya a gurup, cewa an sasanta. Waɗanda suka zage ni babu wanda ya dawo ya ce komai. Wasu kwastomomin sun dawo a hankali, wasu har yau ba su dawo ba. Na sauya sunan nan na "Amintacce" na mayar da nawa na gida, bayan sati kuma na fita daga gurup ɗin. Na ɗauka zan yi kewar wasan. Na yi ta kwana kaɗan, daga baya sai na ji kamar an sauke mini kaya.

Har yanzu samari na zuwa shago su ce in tsaya musu a tsakiya. Ba na yi. Abin da nake gaya musu bai da yawa. In da hali ka sayi kayan wasanka a cikin wasan, ka huta. In kuwa sai ka sayi na hannu, kada ka tura kuɗi don an nuna maka hoto, kada ka saki akawun don an nuna maka hoton alat na banki, sai ka ga kuɗin a asusunka. Ku yi kiran bidiyo ka ga fuskar mai sayarwa, ya shiga akawun ɗin kana kallo. A cire tsohon imel da tsohuwar lamba kafin kowa ya tashi. Kuma ka sani ko an yi duk wannan, kamfanin na iya rufe shi gobe, babu wanda zai saurare ka.

Yawancinsu suna gyaɗa kai ne kawai, hankalinsu na kan rigar da suka gani. Na san yanayin, ba na jin haushinsu. Sai dai nakan ƙara musu abu ɗaya kafin su fita. In mai sayarwa ya ce maka layin ya ɓace, ka tambaye shi ina mai layin yake. Ni a ranar tambayar ta zo mini har bakina, na haɗiye ta, don na san in na ji amsar cinikin ya tashi.