Man Birki a Gangaren Kahu

Wata huɗu ke nan ba ku ji ɗuriyata ba. Masu tambaya ko na daina hawan keke, ga amsarku.

Wata Asabar muka taso daga Kano mu biyar, muka wuce Rano, muka hau duwatsun Kibiya. A gangaren Kahu, kan burtalin shanu, tayar gaba ta zame. Wani tsohon ƙarfe ya yage mini ƙauri.

Wani ɗan acaɓa ya tsaya, ya tsiyaya mini man birki a kan ciwon, yadda aka saba. Muka ɗaure da tsumma muna ta dariya.

Wani dattijo makiyayi da ke tsaye da sandarsa bai yi dariya ba. Ya ce, "Ɗana, nan ko'ina kashin shanu ne. Ka je a yi maka allura yau."

Na ce, "To, Baffa," na haye kekena. Ni da na tako tun daga Kano, wannan ɗan ciwon ne zai kai ni asibiti?

Kwana tara bayan nan na zauna cin tuwo, baki ya ƙi buɗuwa sosai. Na ce gajiya ce. Washegari wuya ya sandare, ko cokali ba ya shiga.

Matata Hauwa ta ce, "Abban Hanifa, wannan wane irin murmushi ne?"

Ba murmushi nake ba. Fuskar ce ta ɗaure da kanta.

Likita ya duba ƙaurina ya ce, "Sarƙe-haƙora ne, wato tetanus. Yaushe rabonka da rigakafi?" Ko ina da amsa, ba bakin faɗa.

Aka kwantar da ni a ɗaki mai duhu, ba waya, ba magana. Ƙofa ta buga kaɗan, sai bayana ya gantsare kamar zai karye, numfashi ya tsaya, kuma ina cikin hayyacina. Wallahi na ji tsoron mutuwa. Abinci ta roba a hanci. Hauwa sai ta cire takalmi take shigowa.

Mako huɗu haka. Keken aka sayar aka sayi magani.

Ranar da yatsa biyu suka shiga tsakanin haƙorana, Alhamdulillahi na fara cewa.

Na gode wa Allah, na gode wa ma'aikatan jinya, da Hauwa, da ku da kuka yi ta addu'a.

'Yan'uwana mahaya, in kun ji ciwo, ku wanke da ruwa da sabulu, ku nufi asibiti a ranar. Man birki na birki ne.

Na tambayi kuɗin allurar da Baffa ya ce a yi mini. Bai kai na tayar keke ɗaya ba.