Ranar da Don Eleodoro Ya Lulluɓe Ƙarafa da Bargonsa

Har yau a ƙauyen nan na bakin kogi, can cikin tsaunukan Aysén, idan mutum ya fito cikin sanyi ba riga mai kauri, ba a tambayarsa ko zafi yake ji. Sai dai a ce masa, "Kai kuma wa ka goya?" Kowa ya san inda maganar ta samo asali.

Wata Lahadi ce a tsakiyar Yuli, lokacin da hunturun ƙasarsu ke tsananta, an fito daga coci, dusar ƙanƙara har gwiwa, sai ga Don Eleodoro Haro ya gangaro daga hanyar daji yana jan goɗiyarsa Canela. Tsoho mai shekara sittin da bakwai, daga shi sai 'yar shara, gemu duk ƙanƙara, leɓe ya yi shuɗi. A bayan goɗiyar kuwa ga wani ƙunshi an naɗe shi tsaf cikin bargon ulu mai kafar wuya, irin wanda ake sawa kamar riga, wanda ya kamata a ce yana jikin tsohon, an ɗaure da igiyar fata a hankali kamar mara lafiya. Mata suka fara kiran sunan Allah, sun ɗauka wani ya tsinto a daji ya karye. Matarsa Doña Clorinda ta keta mutane, ta kwance ƙunshin.

Gatari ne da injin yankan itace, kwance gefe da gefe, da wani dutse mai sauran ɗumi a tsakaninsu. Baƙin mai ya ɓata bargon tun daga wuya har geza.

"Tsoho!" in ji ta. "Wata uku ina saƙa bargon nan!"

"Tsohuwa, a ba Canela abinci tukuna," in ji shi, haƙora na haɗuwa.

Amininsa Abdón Barría, wanda tun suna samari bai taɓa barin wata dama ta wuce shi ba, ya leƙa ƙunshin, ya cire hula.

"Kai, barka da arziki, mutumina! Tagwaye ne ashe. Yaushe za a yi musu baftisma? Ni dai a ba ni mai haƙoran."

Aka kwashe da dariya. Don Eleodoro ya ja goɗiyarsa zuwa garke.

Sana'arsa tsaga fallayen katako na rufin gida, kuma rabin gidajen ƙauyen a ƙarƙashin aikin hannunsa ake kwana. Ba ya sare itace sai a tsakiyar hunturu, lokacin da wata ke raguwa, don a cewarsa a lokacin ne ruwan jikin itace ke komawa ƙasa, katakon ya fi mai gidan daɗewa. Saboda haka duk shekara yakan hau dajin itatuwan lenga shi kaɗai ya yi mako uku, da garin burodi, da busasshen nama, da ganyen mate, shayin ƙasarsu. An sha ba shi abokin tafiya, ya ce aboki surutu ne, shi kuwa sauraro yake zuwa yi. Gaskiya ne kuma. Yakan zaga itace sau biyu, ya bugi gindinsa da ƙeyar gatari, ya kara kunne. Daga amsar da itacen ya bayar yake sanin ko cikinsa ya ruɓe, ko jijiyarsa a miƙe take, ko a murɗe. Wanda ya taɓa ganinsa yana wannan ba ya sake cewa itace ba ya magana.

Gatarin na mahaifinsa ne, an sake masa ƙota sau huɗu. Injin kuwa 'yarsa ce da ke aiki a birnin Coyhaique ta aiko masa. Shekara biyu yana rataye a rumfa, har kaza ta yi ƙwai a ƙarƙashinsa, Don Eleodoro yana wucewa yana harararsa. Da kafaɗa ta fara yi masa ciwo ne suka sasanta, aka raba gado: inji ya yanka gungume a gicciye, gatari da adda su tsaga shi a tsaye, bin jijiya. Ba ya taɓa bari ɗaya ya shiga hurumin ɗaya. Fallen da inji ya tsaga, in ji shi, ruwa yake sha kamar soso. Wanda gatari ya tsaga kuwa ruwan sama bin jijiyarsa yake yi ya zube ƙasa.

A waccan shekarar ya gama aikinsa lafiya, ya jera fallaye dubu biyu a ƙarƙashin rumfar reshe don a zo da shanu a kwashe idan hanya ta bushe. Ana gobe zai sauko aka yi wata irin ƙanƙara mai nauyi, iska ta biyo bayanta. Da gari ya waye ya isa bakin hanya, sai ya tsaya. Hanyar siririya ce, dama dutse a miƙe, hagu kwazazzabo, ruwa na ruri a ƙasa. Itatuwa sun zube a kanta, wani kan wani, har iya ganinsa.

Shi kansa ba abin damuwa ba ne. Da ya saɓa jakarsa, ya haura wannan ya sunkuya ƙarƙashin wancan, kafin la'asar yana gida yana shan mate. Amma goɗiya ba ta haura gungume mai kai ƙirji a bakin kwazazzabo, balle Canela mai shekara ashirin da biyu. Hatsinta ya ƙare. Ya san ko ya sauka ya tara maza, kafin su hau su buɗe hanyar mako ya wuce, kuma tun kwana uku yake ganin sawun damisar dutse yana zagaya sansaninsa. Ya dubi goɗiyar, ita ma ta dube shi. Ya girgiza kwalaben fetur ɗin inji: saura ɗaya da rabi.

"To, Gimbiyar daji," da ma haka yake tsokanarta da sunaye iri-iri, yau ta zama sarauniya gobe ta zama kaka, "tare muka hau."

A nan ya yi kuskuren da yaron shekara goma a gidansu ba zai yi ba. Gaggawa ta sa ya ɗauki gatarin da ya kwana a waje, ya kai wa daskararren itace sara. Sai ya ji ƙas! Wani ɗan ɓallin ƙarfe kamar farce ya tashi daga kaifin. Ƙarfe in ya sha sanyi fashewa yake kamar gilashi, shi ya sa mahaifinsa kan cusa bakin gatari cikin hammata kafin saran farko. Don Eleodoro ya zauna a kan gungumen, ya daɗe yana kallon giɓin. Ya koma kan inji, shi ma ya ƙi. Mai ya yi kauri kamar zuma, ya ja igiya sau arba'in kafin ya yi tari ɗaya.

Rabin ranar a kan dutsen wasa ta ƙare, yana gyara bakin gatari. Daga nan ya tsara yadda zai yi. Ya hura wuta, ya ɗumama dutse, ya cire bargonsa ya naɗe ƙarafan biyu da dutsen a ciki. Wanda zai yi aiki ya fito, wanda zai jira ya koma bargo. Shi kuwa sara ne rigarsa. In ya tsaya hutawa sai ya yafa fatar tunkiyar da ke kan sirdi, ya jingina da cikin Canela.

Sai zaɓi, kuma a nan gwanintar take. Kowane gungume sai an yanka shi wuri biyu a fitar da tsakiya, feturin kuwa ba zai kai ko rabi ba. Ya riƙa tsayawa a gaban kowanne kamar alƙali. Mai kaurin da hannu biyu ba sa zagayewa, wanda ya kwanta lafiya a ƙasa, na inji ne. Siriri na gatari ne. Wanda kuma ya lanƙwashe, nauyin ƙanƙara na danne da shi, komai kaurinsa na gatari ne, domin irinsa kan cije bakin inji ya riƙe, ko ya ɓalle ya yi jifa da mutum cikin kwazazzabo. Inji yana toshe kunne. Da gatari kuwa yana jin itacen na ƙara a hankali, ya san lokacin da zai ja da baya. Idan tsakiyar ta fita ya ɗaura mata igiya, Canela ta ja, ya tura ta gangare. Tsakanin gungume da gungume ya sara mata ganyen gorar daji da adda, ya karkaɗe ƙanƙarar ya ba ta a hannu.

Kwana huɗu suna haka. A gungumen ƙarshe, wanda ya fi duka girma, inji ya kai tsakiya ya yi shiru. Don Eleodoro ya shafa shi kamar yadda ake shafa kare, ya mai da shi bargo duk da ba sauran abin da zai yi, ya ciro gatari. Tun fitowar rana yake sara har inuwa ta dawo ƙarƙashin ƙafa. Sannan ya ja linzami, goɗiyar ta ratsa ta tsakanin yankan, cikinta na gogar itacen hagu da dama.

Bai ba kowa wannan labari ba. Abdón ne ya gano shi a watan Oktoba, da ya hau da shanu kwaso fallayen. Ya fara ƙirga yankakkun itatuwan da ke gefen hanyar don ya sami abin ƙarin tsokana, amma daga na goma ya manta da tsokanar. Ashirin da bakwai ne. Tara santsi, aikin inji. Goma sha bakwai na gatari, kowane sara ya faɗa daidai kan ɗan'uwansa kamar an auna da zare, na ƙarshen hanya bai fi na farko karkacewa ba. Ɗaya kuwa rabi santsi, rabi sara. Abdón ya sa hannu a kan wannan ya tsaya har shanun suka fara kiwo. An ce da ya sauko kwana biyu bai tsokani kowa ba, har matarsa ta tambaye shi ko ba shi da lafiya.

A rana ta uku ya warke. Ya sami Don Eleodoro a ƙofar gida, ƙoƙon mate a hannu, sanye da bargon nan mai tabon mai wanda Doña Clorinda ta wanke sau biyar ta haƙura. Canela na tsaye a bayan shinge, ta yi ƙiba, tana cin furannin matar gidan.

"Mai jego, ya 'yan biyu? Sun fara haƙori?" in ji Abdón, ya zauna ba a ba shi wuri ba. "Don Allah faɗa mini gaskiya, tsakaninmu. Mutum da hankalinsa, da furfurarsa, ya tuɓe ya lulluɓe ƙarfe?"

Don Eleodoro ya zuƙi mate ɗinsa har ƙoƙon ya yi ƙara, ya cika shi da ruwan zafi, ya miƙa wa amininsa.

"Abdón, ni in na sha sanyi tari zan yi, Clorinda ta dafa mini ganye ta haɗa da faɗa, in warke. Gatari in ya sha sanyi haƙori yake zubarwa, kuma ba ganyen da ke mai da shi. Ita kuwa waccan," ya nuna goɗiyar da haɓa, "ba ta iya hawa itace ba. Da kai ne da na bar ka, don na san bakinka kaɗai ya isa ya buɗe hanyar."